Abin da ra'ayoyin masu karatu suka koya mini kan littattafan soyayya na tarihi

Aikina gyaran rubutu ne a kamfanin ɗab'i, kuma kason da ya faɗo hannuna shi ne littattafan soyayya da ake kafa labarinsu a zamanin da ya shuɗe. Kafin littafi ya fita mukan raba shi ga wasu masu karatu su gwada mana shi, bayan ya fita kuma saƙonni su yi ta shigowa, na yabo da na ƙorafi. Ni ke tattara su, in tankaɗe, in kai wa marubuciya abin da ya dace ta ji. Na ce marubuciya domin mata ne suka fi rubuta irin waɗannan littattafai, su ne kuma suka fi karanta su. Galibin rubutun da ke zuwa gabana a Ingila ake kafa shi, musamman tsakanin 1811 da 1820, shekarun da Sarki George na Uku ya sami taɓin hankali ɗansa ya yi masa riƙon ƙwarya, don haka daga can misalaina za su fito. Amma abin da na koya ya shafi kowane labarin soyayya da aka mayar baya, ko a fadar Istanbul aka kafa shi ko a Indiya ta sarakunan Mughal.

Maganar da ta fi kowace yawan zuwa ita ce, "Ai ba haka ake yi ba a wancan zamanin." Mutum goma za su rubuto ta, amma kowanne da abin da yake nufi. Rarrabe su shi ne rabin aikina.

Mafi sauƙin sha'ani su ne masu kamun ƙananan kurakurai. Jaruma ta ƙyasta ashana ta kunna kyandir a 1814, alhali irin wannan ashanar sai a 1826 wani mai haɗa magunguna, John Walker, ya gano ta. Ta zura wasiƙa a ambulan ta manna kan sarki, alhali kan sarki na farko a watan Mayun 1840 ya fito. An ɗaura aure a coci da yammaci, alhali doka ta ce tsakanin ƙarfe takwas na safe da sha biyun rana, sai fa in an sami lasisi na musamman daga Akbishop na Canterbury, babban limamin cocin Ingila. An kira mai sarauta da laƙabin da ba nasa ba. Waɗannan masu karatu kusan kullum suna da gaskiya, kuma ba ma jayayya da su, gyarawa muke yi a bugu na gaba. Abin da na lura da shi dai, wadda ta zauna ta cika shafi guda a kan ashana ta karanta littafin har ƙarshe, kuma sau da yawa a ƙasan wasiƙarta za ka ga tana tambayar yaushe na gaba zai fito. Yarda ce irin wannan kuskure ke zaftarewa. Na farko mai karatu ta kau da kai, na biyu ta yi tsaki, daga na uku ta daina bin masoyan ta koma farautar kuskure.

Waɗanda suka fi koya mini darasi su ne waɗanda ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Su ne masu rubuto, "Ban san dalili ba, amma labarin bai kama ni ba." Ko kuma, "Sun yi ta kuka, ni kuwa ko tausayinsu ban ji ba." Ko wadda ta fi zafi, "Wai me ya hana su yin aure tun babi na uku?" Irin waɗannan saƙonni su ne mai gyara ke iya turewa gefe, domin ba su nuna layin da za a gyara ba. Amma duk lokacin da na bi sawunsu na koma cikin rubutun, abu ɗaya nake tararwa. Marubuciya ta sa wa mutanenta tufafin da, ta ɗora su a keken doki, ta cika musu zaure da kyandirori, amma ta cire dokar zamanin daga wuyansu. Suna motsi kamar mutanen yau, masu iya fita daga kowace ƙofa in sun ga dama. To idan babu abin da zai hana su, babu abin da mai karatu za ta ji tsoro a kai, kuma in ba ta ji tsoro ba, ba za ta yi murna a ƙarshe ba.

A dokar Ingila ta wancan lokacin, da zarar mace ta yi aure ta narke cikin mijinta a idon shari'a. Masanin shari'a William Blackstone ya rubuta a 1765 cewa miji da mata mutum ɗaya ne a gaban doka, kuma mijin ne ke tsayawa a matsayin wannan mutumin. Kuɗinta da kayanta da ladan guminta duk nasa ne. Ba ta shigar da ƙara da sunanta ita kaɗai, ba ta ƙulla yarjejeniya. Masu hali sukan kare 'ya'yansu mata ta hanyar rubuta sharuɗɗa kafin aure, a damƙa wani kaso na dukiyar a hannun amintattu inda miji ba zai taɓa ba, amma wannan gata ne na mai iya biyan lauya. Sai a 1870 doka ta bar wa matar aure abin da ta samu da guminta, sai kuma a 1882 ta sami ikon mallakar dukiya da sunanta gaba ɗaya.

Batun 'ya'ya ya fi wannan ciwo. Nakan ba sababbin marubuta labarin Caroline Norton, domin shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya gane. A 1836 mijinta ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, sannan ya maka Firayim Minista Lord Melbourne a kotu bisa zargin yana nemanta. Ya faɗi ƙarar, amma ita ba a ba ta damar buɗe baki a kotun ba, ba a kuma mayar mata da 'ya'yanta ba. Fafutukarta ce ta haifi dokar 1839, wadda ta ba uwa damar roƙon kotu ta riƙe yaran da ba su kai shekara bakwai ba, muddin ba a same ta da laifin zina ba. Mijin ya kai yaran Sikotland, inda dokar ba ta aiki. A 1842 ƙaramin ya faɗo daga doki, kuma kafin ta isa wurinsa ya rasu.

Wanda ya san wannan zai karanta jinkirin jaruma da wani ido daban. Idan mai nemanta ya durƙusa ta yi shiru ba ta amsa ba, ai ba jan aji take yi ba. Dukiyarta da jikinta da 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna take shirin damƙa wa mutum, ba tare da hanyar karɓowa ba in ya canza. Shi ya sa halin jarumi ke da nauyi a irin waɗannan littattafai fiye da yadda yake da shi a labarin zamanin yau. Yadda yake yi wa barorinsa magana, yadda yake riƙe ƙanwarsa, abin da yake yi in ya fusata, duk shaida ce da jarumar ke tarawa, mai karatu na tarawa tare da ita. Ba sai mai karatu ta san sunan wata doka ba. In marubuciya ta bar dokar ta danne masoyan a cikin ɗaki, za ta ji nauyin a ƙirjinta.

Na ga wannan ƙarara a wani rubutu da jarumarsa ke auren azzalumi. A babi ɗaya kusa da ƙarshe ta je kotu, aka raba auren, ta ɗauki ɗanta ta auri masoyinta. Cikin waɗanda suka gwada mana littafin babu wadda ta ambaci doka. Abin da suka yi ta faɗa shi ne ƙarshen ya zo a gaggauce, kuma wahalar da suka sha tare da ita ta tashi a banza. Gaskiyarsu kuwa. Kafin 1857, wanda ke son raba aure har ya sake wani sai ya bi ta kotun coci, ya yi ƙarar wanda ake zargi da matarsa, sannan majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kansa shi kaɗai. 'Yan ɗaruruwa ne suka taɓa samu, kuma mata huɗu ne kacal a cikinsu. Da na kai wa marubuciyar wannan, wadda ta girme ni a shekaru da aiki, sai ta ce, "To ƙanwata, so kike in kashe mijin ke nan?" Na ce mata, "A'a Yaya, shi ma sauƙi ne. Ki matsar da labarin gaba ki bar ta ta yi yaƙin." Ta mayar da shi shekarun 1860, lokacin da kotun raba aure ta riga ta samu, amma duk da haka miji zina kaɗai zai tabbatar a kan matarsa, ita kuwa sai ta tabbatar da zina ta haɗa da wani laifin, kamar duka ko guje mata na tsawon shekara biyu. Ba a daidaita wannan ba sai 1923. Babi ɗayan ya zama babban kaso na littafin, da neman shaidu, da tsoron rasa yaron, da sunanta a jaridu. Masu karatun da suka ce an yi gaggawa su ne suka rubuto cewa ba su iya ajiye shi ba.

Nisa da jinkiri ma haka suke. Kafin 1840 wanda aka aika wa wasiƙa ne yawanci ke biya, gwargwadon nisa da yawan takardu, shi ya sa ake naɗe takardar kanta a liƙe da kaki, wasu ma su cika shafi su juya shi su sake rubutu a gicciye. Yarinyar da ba ta da kuɗin kanta ba za ta karɓi wasiƙar saurayi ba tare da gidan ya sani ba. An yi yaƙin Waterloo, inda Birtaniya da ƙawayenta suka karya Napoleon na Faransa, ranar 18 ga Yuni 1815, amma saƙon hukuma bai iso Landan ba sai daren 21 ga wata, kuma cikakken jerin matattu ya biyo baya. Kwanakin nan na rashin sani dukiya ce a hannun marubuciya. Wadda ta sa labari ya iso washegari ta zubar da ita, kuma masu karatu za su ce tsakiyar littafin ba ta da armashi ba tare da sun san abin da aka sace musu ba.

Ko gudun aure da ake yawan rubutawa, doka ce ta haife shi. Dokar aure ta 1753 ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye, amma ba ta shafi Sikotland ba, inda furuci gaban shaidu ya wadatar. Ƙauyen Gretna Green na bakin iyaka, shi ya sa masoya ke dosarsa, tafiyar fiye da mil 300 daga Landan, kwana uku ko huɗu ana canza dawakai a hanya. Yarinyar da ta kwana uku a hanya da namiji, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba, sunanta ya riga ya tafi. A 1782 'yar mai banki Robert Child, wadda ita kaɗai gare shi, ta gudu can da wani mai sarauta, Earl na Westmorland. Uban ya fusata ya tsara wasiyyarsa yadda dukiyar ba za ta shiga hannun magajin gidan Westmorland ba, sai ta tsallaka ta faɗa kan jikarsa mace, wadda daga baya ta zama Lady Jersey.

Wannan jikar ce nake tunawa duk lokacin da wani rukunin masu karatu suka rubuto da cikakken tabbaci cewa mace ba za ta yi kaza ba a wancan zamanin. Lady Jersey na cikin matan da ke yanke wanda zai shiga ɗakin rawa na Almack's, wurin da manyan gidaje ke kai 'ya'yansu neman aure, kuma ita ce babbar mai hannun jari a bankin kakanta, tana sa ido a kan harkokinsa. Harriot Mellon 'yar wasan kwaikwayo ce da ta tashi a talauce, ta auri mai banki Thomas Coutts a 1815, ta gaji kasonsa a bankin a 1822, sannan a 1827 ta auri babban mai sarauta Duke na St Albans wanda ta girme shi da fiye da shekara ashirin. Caroline Herschel ta gano taurari masu wutsiya guda takwas, kuma tun 1787 sarki ke biyanta albashin fam 50 a shekara. Idan kuma ƙorafin shi ne an sa baƙar fata a falon masu sarauta, to akwai Dido Elizabeth Belle, 'yar wani hafsan sojan ruwa da wata baiwa 'yar Afirka, wadda ta girma a gidan Kenwood a hannun Lord Mansfield, babban alƙalin Ingila. Akwai Ignatius Sancho, mai kanti a Westminster, wanda ya jefa ƙuri'a a zaɓen 1774 da na 1780. Baƙaƙen fata dubbai ne ke zaune a Landan a ƙarshen ƙarni na 18.

A nan na fahimci cewa tarihin da ke kan yawancin masu karatu daga wasu littattafan soyayya suka samo shi. Marubutan farko sun zaɓi wani ɗan yanki na rayuwar manyan gidaje, waɗanda suka biyo baya suka kwaikwaye su, har abin ya zama kamar shi ne dukan gaskiya. Ban ga laifin mai karatu a nan ba, kuma na daina yarda a aika mata da amsa mai cike da shekaru don a kayar da ita. Domin ko a inda ta yi kuskuren tarihi, hancinta ya shinshino wani abu na gaske. Harriot Mellon ta zama matar Duke, amma manyan mata da yawa sun ci gaba da yi mata kallon raini. Dido ta girma cikin gata, amma wani baƙo da ya ziyarci Kenwood a 1779 ya rubuta cewa ba ta zauna cin abinci da baƙi ba, sai bayan an gama ta shigo. Matan nan sun yi abin da suka yi, kuma sun biya. Da zarar marubuciya ta sa gulmar da shirun da ake yi in jaruma ta shigo, da ƙawar da ta daina gaishe ta, da uwar miji da ta ƙi zuwa biki, sai ƙorafin ya ragu ƙwarai, daga masu karatun nan dai da suka yi shi. Ashe abin da suke nufi shi ne mace ba za ta yi wannan ta tsira kyauta ba.

Akwai kuma ƙaryar da kowa ya yarda a yi masa. Masu sarautar Duke a wancan lokacin, in aka cire 'ya'yan sarki, ba su kai talatin ba, kuma da yawansu dattawa ne masu iyali, amma a littattafai ɗaruruwa ne, duk samari, duk gwauraye. Kowa haƙoransa farare, kowa yana wanka, babu mai zanen agana a fuska. Babi na ƙarshe jaruma na rungume da jariri lafiya lau, alhali a Nuwamban 1817 Gimbiya Charlotte, magajiyar gadon sarauta, ta rasu tana da shekara 21 bayan ta haifi ɗa ba rai, da likitocin fada a kanta. A tsakiyar ƙarni na 19 kimanin mace biyar ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu a Ingila. Masu karatu sun san wannan sarai, kuma da wuya su yi ƙorafi a kai. Wasu masu sharhi na ɗaukar haka a matsayin shaida cewa ba ruwan waɗannan mata da tarihi, ni kuwa ban yarda ba. Alkawarin wannan nau'in littafi shi ne masoyan za su ƙare tare cikin farin ciki, kuma mai saye ta san da haka kafin ta buɗe shafin farko. Abin da take nema shi ne haɗarin ya zama na gaske, sannan waɗannan mutum biyun su tsira daga cikinsa. Ta yafe a ƙawata fuska, ba ta yafe a cire haɗarin. Na sami saƙonni daga masu jinyar iyaye, da masu zaman asibiti, da matan da aurensu ya mutu, suna cewa tabbacin kyakkyawan ƙarshe ne ya ba su ƙarfin bin jaruma cikin duhunta. Ina girmama wannan, kuma ba na barin marubuciya ta karya alkawarin don a ce ta yi zurfi.

Inda ra'ayoyi suka fi rabuwa shi ne asalin dukiya. Jarumi na da katafaren gida da kuɗin shiga na dubban fam, to daga ina? Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta ta ci gaba a gonakin rake na Jamaika da Barbados har dokar 1833, kuma a lokacin fam miliyan 20 gwamnati ta ware ta biya masu bayin diyya, bayin ba su sami ko sisi ba. Jami'ar UCL ta Landan ta tattara sunayen waɗanda suka karɓi kuɗin, kowa na iya dubawa a intanet, kuma akwai manyan gidaje da limaman coci da zawarawa a ciki. Wani ɓangare na masu karatu na cewa sun zo hutawa ne, kada a kawo musu wannan. Wani ɓangaren na cewa ba za su iya son mutumin da marubuciya ta ce yana da "harkoki a tsibirai" sannan ta wuce kamar ba ta ce komai ba. Duka biyun da zuciya ɗaya suke magana. Ni dai matsayina shi ne ba dole kowane littafi ya zama a kan bauta ba, akwai dukiyar haya ta gonaki, da ta kwal, da ta jiragen ruwa, kuma kowacce da nata mutanen da ke shan wahala a ƙasa. Amma in marubuciya ta zaɓi rake da kanta, to ta ɗauko bashi, sai ta biya a cikin labarin. Ba na yarda a ambaci gonar don ƙawa. Mai karatun da kakanninta suka sare wannan raken tana riƙe da littafin nan ita ma, kuma ita ma soyayya ta zo nema.

Haka batun yarda. A shekarun 1970, lokacin da waɗannan littattafai suka cika kasuwar Amurka, da yawansu na ɗauke da jarumin da ke tilasta wa jaruma, daga baya a ce so ne. Har yanzu akwai tsofaffin masu karatu da ke kare su da cewa haka zamanin yake. A fuskar doka suna da hujja, domin sai a 1991 kotun ƙoli ta Ingila ta tabbatar cewa miji na iya zama mai laifin fyaɗe a kan matarsa. Amma wannan hujjar a wurina juyawa take yi ta kare ɗaya ɓangaren. Tun da doka ta ba namiji wannan iko, to wanda yake da shi ya ƙi amfani da shi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya jira a ce masa ya shigo, shi ne ya cancanci a kira shi jarumi. Irin waɗannan maza sun wanzu a kowane zamani, kuma saƙonnin yabo mafi tsawo da nake samu a kansu ake rubuto su. Masu karatu kan ambaci wurin da ya rubuta mata dukiyarta da sunan amintattu ba tare da an tilasta shi ba, ko wurin da ya ce yaron zai zauna da ita ko me ya faru, fiye da yadda suke ambaton sumba.

A ɓangaren gudanar da aikin, na koyi kada in auna ra'ayi da ƙarfin muryar mai shi. Masu rubutowa da kansu galibi waɗanda suka ji daɗi ƙwarai ne ko suka fusata ƙwarai, mafi yawa kuwa shiru suke yi, ko dai su sayi na gaba ko su daina. Taurarin da masu karatu ke ba littafi a matsayin maki ma ba su faɗa mini komai sai na karanta dalili, domin wata ta ba da tauraro ɗaya don an yi bayanin kwanciya da yawa, wata ta ba da ɗaya don ba a yi ba ko kaɗan, a littafi guda. Ba na kai wa marubuciya zagi, ba na kuma kai mata shawarar mai karatu kan yadda za a gyara, domin shawarar yawanci so take littafin ya koma irin wanda ta riga ta saba. Abin da nake kai mata shi ne wurin da mutane da dama suka yi tuntuɓe, ko da kowanne ya ba da dalili daban.

Mun kuma saba da sa ɗan bayani a bayan littafi, shafi ɗaya ko biyu, inda marubuciya ke faɗin abin da ta samo daga tarihi da abin da ta ƙirƙira, da inda ta matsar da wata ko shekara da gangan. Wannan shafin na kashe rabin gardama kafin ta taso, kuma masu karatu da yawa sun ce daga nan suka tafi neman labarin matan gaske da aka ambata.

Ga waɗanda ke gwada mana rubutu, na rage dogayen tambayoyin da ake aika musu a da. Yanzu nakan tambaye su a wane shafi suka fara ajiye littafin su tashi yin wani abu, sannan in tambaye su me suka ji tsoron zai sami jaruma. In amsoshin tambaya ta farko suka taru a wuri ɗaya, na san babin da za mu buɗe. In kuwa aka bar tambaya ta biyu babu amsa, ko aka rubuta "ba komai", to ba na taɓa ashana da kan sarki tukuna. Rubutun nake mayar wa marubuciya mu zauna mu duba wace doka, wane nisa, wane bashi ko wane uba ne ya kamata ya tsaya tsakanin mutanen nan biyu a shekarar da ta zaɓa, da kuma abin da kowannensu zai rasa in ya tsallake.